Tsagar Rumbun Iri

Duk Gidan Kanya, wani ɗan ƙauye da ke bayan Dawakin Tofa, an san Iliyasu yana da hannu. Manomi ne kamar ubansa, amma da zarar an kai amfanin gona gida, sai ka same shi a gindin katanga da ɗan gizagonsa yana sassaƙe-sassaƙen da babu wanda ya sa shi. Yau doki da sirdinsa, gobe akwatin rediyo wanda ba ya magana, jibi babbar mota mai ƙafa shida. Ba ya sayarwa, shi ya sa ma masassaƙa ba su taɓa jin haushinsa ba. Abin da ya fi alfahari da shi kuwa ba sassaƙar ba ne, wani kwaɓi ne da ya ƙirƙiro da kansa. In itace ya dare ko ya lotsa, sai ya kankare wani itacen da fasasshiyar kwalba, ya tara garin, ya jiƙa ƙaro a 'yar tasa, ya haɗa su, ya cike wurin. In ya bushe ya goge, ko ka rantse da Alƙur'ani ba za ka nuna inda tsagar take ba.

To, sai ga shekarun fari. A shekarar da aka canja kuɗi, karo na biyu ke nan a jere sama ta yi wa mutane rowa. Gero ya fito ya kai gwiwa ya tsaya, ya yi ja, ya ƙone a tsaye. Gonar da Iliyasu ya saba ɗaure dami tamanin, da ƙyar ya haɗa goma sha uku, su ma rabinsu ƙaiƙayi. Ga shi da baki huɗu: shi, da matarsa Furera, da 'yarsu Fadima mai shekara shida, da mahaifiyarsa Inna Asiya.

A cikin sha ukun nan suka zauna suka tsince zangarniyar da ta yi ido sosai, suka haɗa dami huɗu na iri. Irin gidansu ne tun kakanni, ɗan gero mai saurin nuna, kuma a wannan shekara ko da kuɗinka ba ka samun irinsa a kasuwa, don kowa ya cinye nasa ko ya ɓoye. A gidan akwai ƙaramin rumbu a bayan ɗakin Inna Asiya, ba a sa komai a cikinsa sai iri. Al'adar gidan ita ce, ranar da aka zuba iri a rufe bakinsa da murfi a yaɓe, maigida ya ɗora hannu ya yi alkawari ba za a buɗe ba sai ruwan shuka ya sauka. Kakansu ne ya kafa haka, don ya san ciki ba shi da kunya.

Ranar da za a zuba irin, Iliyasu ya zagaya bayan rumbun, sai ya tsaya cak.

"Innalillahi. Inna! Zo ki gani."

Tsohuwar ta fito tana dogara sanda. Ɗaya daga cikin duwatsun da rumbun ke zaune a kai ya nutse saboda ƙasa ta bushe ta dare, rumbun ya ɗan karkata, ya tsage tun daga gindi har kusan ƙugun mutum. A ƙasa, tsagar ta isa ka zura yatsu biyu.

Inna Asiya ta durƙusa ta shafa wurin. Da yake Iliyasu ɗan farinta ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "kai" ko "wannan".

"Kai, wannan ba aikin yau ba ne," ta ce. "A ɗebo jar ƙasa, a samo kashin shanu da ciyawa, a kwaɓa a rufe ya ruɓa kwana bakwai. Sannan a faɗaɗa tsagar, a jiƙa ta, a cusa, a bari ya sha iska, a ƙara wani. In da makuba ta ɓawon ɗorawa a shafe sama. Haka ubanka yake yi."

"Da wane ruwan, Inna?"

Tambayar tana da nauyi. Rijiyar garin ta koma gindi. Furera kan fita tun sallar asuba ta bi layi, ba ta dawowa sai rana ta take, da tulu biyu na ruwa mai laka. Shi ne na sha, shi ne na kunu, shi ne na alwala. Kwaɓin da Inna take faɗa kuwa sai ya sha tulu goma bai ce ya ƙoshi ba. Kashin shanu fa? Ina shanun? Waɗanda ba su mutu ba an sayar, Fulani kuma tuni sun yi kudu. Ciyawa kuwa har ta rufin ɗaki awaki sun zare.

Suna cikin haka sai ga Uwaisu maƙwabcinsu ya leƙo ta kan danga. Shi ya taɓa yin leburanci wata uku a Kano, tun daga nan ya zama injiniyan ƙauyen.

"Siminti za ku sa, ku huta," ya ce. "Kwano biyu ya isa. Ko giwa ta jingina ba zai motsa ba."

"Siminti da ƙasa ba sa zaman aure," in ji Inna Asiya, ko kallonsa ba ta yi ba. "Ita tana numfashi, shi ba ya yi. Kafin bazara zai ɓanɓaro ya bar maka rami ya fi na da. Kuma kai da ke faɗa, kana da shi ne?"

Uwaisu ba shi da shi. Ya ja kansa ya koma.

A nan ne Iliyasu ya ce, "Bari in yi da nawa kwaɓin. Ruwan moɗa ɗaya ya ishe ni. Yau in cike, gobe ya bushe, mu zuba iri mu rufe."

"Garin itacen nan naka?"

"Shi. Kin taɓa ganin ya tsage?"

"A jikin dokin wasa ban gani ba. Amma dokinka a kan tebur yake kwana, rumbu kuwa a ƙasa yake. Itace abincin wa ne? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kai kuma za ka toshe tsagar da tuwon baƙon."

"Inna, wace gara ce a ƙasar da ta bushe kamar ƙashi? Ita ma ai ta mutu."

"Gara ba ta mutuwa. Ƙasa take yi."

Gaskiyar magana, ba taurin kai kaɗai ke damun Iliyasu ba, tsoro ne. Damman nan huɗu suna jingine a ɗakinsa. Jiya ya ga yadda Furera ta tsaya tana kallonsu, ya ga Fadima ta tsinci ƙwayar da ta zuba tana taunawa ɗanya. Shi kansa da ya wuce ta gabansu sai da yawunsa ya tsinke. Kwana bakwai ana jiran kwaɓi ya ruɓa, wasu bakwai ana jiran ya bushe, iri yana zaune a fili a gidan da ake cin abinci sau ɗaya? Bai yarda da kowa ba, bai yarda da kansa ba. So yake kawai ya ga an rufe an yaɓe, ya ɗora hannu ya yi alkawari, ya huta da wannan kallo.

"Na gama magana, Inna. Ni ne maigida."

Tsohuwar ta daɗe tana dubansa. Sannan ta miƙe da ƙyar.

"To, maigida. A cikin huɗun nan akwai rabin dami daga gayaunata ya fito. A ba ni abina."

"Ki yi me da shi?"

"Abin da na ga dama."

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Uwar da ta koya masa cewa mai cin iri ya ci 'ya'yansa, yau ita ce za ta fara? Amma haƙƙinta ne. Ya kwance dami ɗaya, ya raba biyu, ya dire mata a ƙofar ɗaki.

Aikin kam ya yi shi da kyau, wannan ba a ƙwace masa ba. Ya tokare dutsen da ya nutse. Ya kawo guntayen itacen rimi da suka rage daga sassaƙa, ya fere su, ya cusa inda tsagar ta yi faɗi. Ya bi da kwaɓinsa ciki da waje, yana dannawa da bayan cokali. Da ya fara ƙamewa, ya barbaɗa jar ƙasa a kai ya goge da tafin hannu. Washegari Uwaisu ya zagaya rumbun sau biyu yana neman tsagar bai gan ta ba, ya ce wallahi Iliyasu ya fi ƙarfin ƙauye. Aka zuba dami uku da rabi, aka rufe, aka yaɓe baki. Iliyasu ya ɗora hannu ya yi alkawari.

A ranakun nan ya ji ƙarar turmi a ɗakin Inna, a hankali, kamar mai jin kunya. Ya ce a ransa, shi ke nan, ta fara. Ya kuma gan ta sau da yawa tana bin bayan jakin Uwaisu, wanda shi kaɗai ya rage a unguwar, tana tsintar kashinsa a tsohuwar ƙwarya. Ya ga tana taimama alhali Furera kan cika mata buta kullum. Bai tambaya ba. Ya ɗauka tsufa ne da yunwa suka fara taɓa ta.

Daga nan fa aka shiga abin da ba a so a tuna. Dami tara na ci suka ƙare tun sanyi bai gama fita ba. Aka koma kunun dusa. Dusa ta ƙare, aka koma busasshiyar tafasa da rama, a dafa a sa gishiri in akwai. Akuya ta tafi, tukunyar ƙarfe ta tafi, babbar rigar da ya gada ta tafi. Ya kwashi dawakansa da motocinsa ya kai kasuwar Dawaki, ya wuni a rana, babu wanda ya ko taya. Wa zai sayi dokin itace alhali na gaske yana mutuwa a turke? Sau biyu aka ce an kawo jar dawa ta taimako, sau biyu ya taka har can, sau ɗaya ya samo kwano uku.

Rumbun kuwa yana nan a bayan ɗaki, sumul, ana wucewa ta gabansa da ciki a naɗe.

A tsakiyar bazara, wata rana da azahar, Furera ta same shi a zaure ta durƙusa.

"Malam, ka dubi Allah ka dubi yarinyar nan. Gashinta ya yi ja. Ƙafafunta sun fara kumbura. Ba duka nake cewa ba, zangarniya goma kawai."

"Na yi alkawari, Furera."

"Alkawarin zai yi mata numfashi ne?"

"In na buɗe yau don goma, jibi zan buɗe don ashirin. Ruwa ya sauka mu shuka me? Tsakuwa? Wanda ya ci iri bana, baɗi barin gari zai yi da iyalinsa, ya je ya mutu a bakin titi. Ki yi haƙuri. Saura kaɗan."

Ta tashi tana kuka, shi ma da ta fita ya kifa kai a gwiwa. Wallahi ya tsani kansa a ranar, ya tsani rumbun, ya tsani kakansa da ya kafa dokar.

Inna Asiya kuwa ta ɓullo da wata sabuwa. In an miƙa mata ƙwaryarta sai ta kurɓa sau biyu ta tura wa Fadima, ta ce ita cikinta a cike yake. Furera ta kai ƙara wurin mijinta, ta ce Inna fa ba ta ci, ta rame har zoben hannunta yana zamewa. Iliyasu, da yunwa da baƙin ciki suka cika shi, ya faɗi maganar da har ya mutu bai yafe wa kansa ita ba. Ya faɗe ta da ƙarfi, a tsakar gida, ƙofarta a buɗe.

"Ƙyale ta. Ai ita ta ci nata tun da wuri. Mai rabin dami a ciki ina ruwanta da tafasa?"



Bayan nan Inna Asiya ta kwanta ke nan ba ta ƙara tashi ba. Kwana goma sha ɗaya ta yi, ranar wata Talata da hantsi ta cika. Da aka ɗauki makararta, mutum biyu ma sun isa, don babu nauyi. A daren da za ta rasu washegari ta so ta yi masa magana, ta kama hannunsa tana nuna ƙasa da yatsa, amma harshe ya riga ya karye. Ya ɗauka kabari take nufi, ya ce mata ta daina, Allah zai ba ta lafiya.

Kwana tara da binne ta, da la'asar, gabas ta yi baƙi. Iska ta taso, sannan ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Mutane suka fito tsakar gida suna kabbara, yara suna buɗe baki sama. Aka yi ta yi har magariba. Da gari ya waye Iliyasu ya tona ƙasa da hannu, ya ga danshi ya wuce kamu ɗaya. Ruwan shuka ne, babu tantama.

Ya ɗauki ɗan gizagonsa ya nufi rumbu, Furera na biye da ƙwarya, Fadima na riƙe da zanenta. Ya yi bismilla, ya fasa yaɓen, ya ɗaga murfin, ya zura hannu.

Ƙasa ya damƙo.

Ya sake zurawa har kafaɗa. Ƙasa ce dai, mai ramuka-ramuka, tana marmashewa a hannu, da wani wari na ruma. Ya jawo abin da ya yi kama da zangarniya, ta ruguje, farar gara ta watsu a damtsensa. Ya haye ya leƙa. Daga gindi har sama sun gina gidansu, sun cinye gero, sun cinye kara, har igiyar da aka ɗaure damman ba su bari ba.

Ya sauko ya zagaya baya da gudu. Gyaransa yana nan lafiya lau, sumul, ko alamar tsaga babu. Ya danna da yatsa. Yatsan ya shige fuf. Ɓawon sama kaɗai suka bari, siriri kamar na ƙwai. Itacen da ya cusa da garin da ya kwaɓa duk sun tafi, wurin ya zama hanya tun daga jikin dutse har cikin rumbun. Wa ya san tun yaushe? Wataƙila ranar da Furera ta durƙusa masa a zaure ma tuni babu komai a ciki.

"Wayyo Allahna," in ji Furera, ƙwaryar ta suɓuce mata. "Ƙasa muka yi ta gadi, Malam? Ƙasa?"

 Daga bayan danga ana jin mutane suna fita gona, ana kiran juna, sungumi na ƙara. Iliyasu ya bi gida uku yana roƙon ko cikin tafi ne. Uwaisu ya nuna masa nasa, bai kai kwano ba. Sauran suka sunkuyar da kai, don kowa nasa bai ishe shi ba. Danshin nan kuwa kwana biyu ne, in ya wuce ya wuce. Ya dawo gida, bai san inda zai sa kansa ba, sai ya tsinci kansa a ɗakin Inna, zaune a ƙasa.

Tun rasuwar ba a taɓa ɗakin ba. Ruwan jiya ya zubo ta rufin da awaki suka zare, ya jiƙa gadonta na kara. Furera ta shigo, ba don komai ba sai don hannunta ya sami abin yi, ta kama gadon za ta fitar da shi rana. Tana ɗagawa ta tsaya.

"Malam. Mene ne wannan?"

A ƙarƙashin gadon, daidai inda kan tsohuwar yake kwanciya, akwai tulu a zaune cikin tudun toka, an ɗora shi kan fasassun kasake. Iliyasu ya gane shi. Tsohon tulun nan ne da ya tsage bara aka jefar bayan gida. An bi tsagar da wani yaɓe mai kauri, baƙi-baƙi, gutsiri-gutsiri, jar ƙasa da toka da kashin jaki, hawa kan hawa. Bakin ma haka aka liƙe shi. Mummunan aiki ne, wanda da can da ya gani sai ya yi dariya. Ya ƙwanƙwasa, ya ji shi kamar dutse.

Da ƙyar gizago ya fasa bakin. Toka ce a sama. Ya share ta da yatsa, sai ga gero, sussukakke, tsaf, ƙwaya-ƙwaya, ko ƙwaro ɗaya babu. Tulun cike yake har wuya. Rabin dami in an sussuke iyakar abin da zai bayar ke nan. Ba ta taɓa ko ƙwaya ba.

Sai komai ya dawo masa. Ƙarar turmin nan. Bin bayan jaki. Ruwan butar da ta hana kanta tana taimama, moɗa-moɗa, har ya ishe ta kwaɓi. Wata da watanni tana kwance a kan abinci, tana jin ƙamshinsa in ta so, tana tura wa jikarta ƙwaryarta. Kuma tana nan a kan gadon nan, kanta a saman tulun nan, ta ji ɗanta ya ce ta ci nata tun da wuri.

A jikin yaɓen akwai sawun yatsunta, guda huɗu, inda ta danna ta ja, ba ta damu ta goge ba. Iliyasu ya sa nasa yatsun a ciki. Sun yi masa kaɗan.

"Inna," ya ce. "Inna, ki yafe mini." Ya rungume tulun yana kuka kamar yaron goye, warin kashin jaki na shiga hancinsa.

Furera ta bar shi ya yi mai isarsa. Sannan ta share fuskarta da bakin zane, ta fita, ta dawo da sungumi ta jingina a ƙofa.

"Tashi, Malam," ta ce. "Ƙasa na shanye ruwan."